Ogan ɗin Mamman Sani da Kunnen da Ya Saba da Magana

Wani dare da barci ya ƙi zuwa na bar YouTube yana ta jera mini kiɗe-kiɗe yadda ya ga dama, har ya kawo ni kan wani faifai mai sunan Faransanci, La Musique Électronique du Niger. Na ɗauka wani Bature ne ya ari sunan Nijar don ya sayar da hajarsa. Ashe aikin Mamman Sani ne, mutumin Yamai, kuma an naɗe shi tun 1978.

Labarin yadda aka yi shi gajere ne. Mamman Sani ma'aikaci ne da ya yi aiki da UNESCO. A wajen wani taro ya ga wakilin Ruwanda ɗauke da ogan mai lantarki ƙirar Orla ta Italiya, ya lallashe shi har ya sayar masa. Da wannan na'ura ya shiga ɗakin naɗar sauti na gidan rediyon ƙasa, zamanin mulkin Seyni Kountché, ya kaɗa, ya sake ɗora wani kaɗin a kan na farko. Aka fitar da shi a kaset da hannun ma'aikatar al'adu, amma kwafi kaɗan ne suka fita. Sai a 2013 kamfanin Sahel Sounds na Christopher Kirkley, wani Ba'amurke da ya ci karo da kaset ɗin a Yamai, ya sake buga shi a faifai.

Kiɗa shida ne a ciki, galibinsu babu murya. A nan wahalar take ga irina. Mu da muka tashi da Shata da Ɗanƙwairo da Narambaɗa, kunnenmu magana yake bi. Kalangu da taushi da kotso suna nan, amma abin da ake maimaitawa a zaure washegari shi ne abin da mawaƙi ya ce, wa ya wasa, wa ya yi wa zambo. Ko kalangun ma idan ya burge mu cewa muke yi yana magana. Saboda haka da na fara saurare sai na riƙa jiran inda mai waƙa zai shigo. Har "Lamru" ya ƙare bai shigo ba. Na ji kamar an ajiye mini miya babu tuwo.

A sauraro na uku ne na daina jira, kuma daga nan faifan ya buɗe. Abin da Mamman Sani yake yi ba shi da yawa: hannu ɗaya yana riƙe da ɗan zagaye na sauti mai komowa inda ya faro, ɗayan yana jan karin a sama, a ƙasa kuma ƙaramin injin ganga na cikin ogan ɗin yana tafiya ba ya gaggawa. Karin kan tafi taku huɗu ko biyar, ya tsaya kamar mai waiwaye, ya komo. Wanda ya taɓa jin makiyayi yana busa sarewa da yamma zai gane wannan tafiyar, kuma ba mamaki, domin da yawa daga cikin karin nan daga waƙoƙin gargajiyar Nijar ya ɗebo su, har da na Woɗaaɓe da kiɗan tende na Abzinawa. Bai yi ƙoƙarin sa ogan ta yi kukan goge ko na sarewa ba. Ya bar ta da muryarta ta roba, siririya mai ɗan rawa, ya sa ta rera abin da aka saba ji daga bakin mutum.

"Salamatu" shi ne wanda na fi komawa gare shi. Nasa ne na kansa, kuma an ce saboda wata soyayya da ba ta samu karɓuwa ba ya tsara shi. Ko ba a faɗa maka ba za ka ji. Babu kuka a ciki, babu roƙo. Jimla ɗaya ce ta sauti ake ta juyawa, kowane zagaye da ɗan bambancin da sai ka kasa kunne za ka kama, kamar mutumin da ke bitar maganar da ya so ya faɗa bai faɗa ba. Mawaƙan soyayya na finafinanmu sukan kwashe minti biyar suna jera zuciya da ruhi da hawaye, ba su kai inda wannan ya kai ba da baki rufe.

Masu sharhi a Turai da Amurka suna saka faifan a sahun kiɗan da suke kira ambiyent, wato kiɗan da ake so ya cika ɗaki kamar turaren wuta, ka kula da shi ko kada ka kula. A shekarar 1978 ɗin nan ce Brian Eno ya naɗa Music for Airports, wanda ya yaɗa wannan suna, kuma daidaituwar shekarun tana daɗa wa masu kwatance ƙwarin gwiwa. Kwatancen yana da gaskiyarsa ta wani gefe, tunda shekara da shekaru ana saka kiɗan Mamman Sani a rediyo da talabijin na Nijar tsakanin shiri da shiri. Da na kunna wa wata gwaggona da ta yi zaman aure a Maraɗi, ba ta san sunan mai shi ba, amma nan take ta ce, "Kai ɗan nan, ina ka samo kiɗan jiran labarai?" Abin da Eno ya zauna ya tsara a takarda, shi Mamman Sani gidajen mutane ne suka yi masa shi.

Inda ban yarda da su ba shi ne yawan ambaton hamada. Da wuya ka karanta bayani a kan faifan nan ba ka ga an kawo rairayi da faɗin sarari da kaɗaici ba. Ni birni nake ji a ciki: ma'aikacin gwamnati ya taso daga ofis, ya cire takalmi, ya jona na'urarsa, yana tuna waƙoƙin ƙauye ta hanyar wayar lantarki. Kewar da ke ciki ta wanda ya riga ya bar karkara ce. Mai neman raƙuma a ciki zai wuce wannan bai gani ba.

Faifan ba ya rasa aibi. Injin gangar nan ba ya numfashi; bugunsa ɗaya ne daga farko har ƙarshe, kuma wanda ya san yadda makaɗin kalangu ke jan lokaci yana sakinsa zai ji ƙunci a wasu wurare. Akwai inda zagayen ya daɗe fiye da abin da karin zai iya ɗauka, hankali ya tafi yawo. Naɗin ma na zamaninsa ne, da ɗan shuu na kaset a bayansa, ko da yake wannan ni ya daina damuna tun da wuri.

Abin da ya fi ci mini rai ba a cikin faifan yake ba. Daga Katsina zuwa Maraɗi ba wata tafiya ba ce, amma sai da kiɗan nan ya bi ta Portland ta Amurka kafin ya iso wayata. Ban ga laifin wanda ya tono shi ba. Bayan wannan ma ya fitar da Taaritt, wanda Mamman Sani ya naɗa a shekarun 1980, kuma dattijon ya samu ya je Turai ya kaɗa a gaban jama'a. Tambayar tamu ce: kaset nawa ne irin wannan ke kwance a ɗakunan ajiyar gidajen rediyon Kaduna da Kano da Damagaram, waɗanda aka ɗauke su a matsayin abin cike gurbi saboda babu wanda ya yi magana a cikinsu?

Gwaggo dai ta sa na tura mata "Salamatu" a WhatsApp. Ta ce da shi take tsintar shinkafa yanzu.