Sharhi A Kan Hargitsattsun Fayilolin Bayanai Da Ake Karɓa Daga 'Yan Kwangila

Maƙasudin wannan 'yar takarda shi ne yin tsokaci a kan wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a ofisoshinmu, wato ɗora wa ɗan kwangila laifi duk sa'ad da fayil ɗin bayanan da ya kawo ya zo a hargitse. Ba a ce ba shi da laifi ba. Abin da nake ja a kai shi ne, galibi mai karɓa bai shimfiɗa masa ƙa'ida ba, bai kuma ƙidaya abin da ya karɓa ba.

Mu dubi abin da ya auku a Ingila cikin 2020, lokacin annobar korona. Ɗakunan gwaji masu zaman kansu suna aiko wa hukumar lafiya sakamako a tsarin CSV, ita kuwa tana juye shi cikin tsohon tsarin Excel mai suna XLS, wanda ba ya ɗaukar fiye da layi 65,536. Da ma'aunin ya cika, sai sauran suka zube ba tare da an ankara ba. Tsakanin 25 ga Satumba da 2 ga Oktoba, mutum 15,841 masu ɗauke da cutar ba su shiga lissafi ba, aka kuma makara wajen neman waɗanda suka yi cuɗanya da su. Ashe ɓarnar a gidan mai karɓa aka yi ta.

To, mu a nan muna da ƙarin matsala, ta baƙaƙe masu lanƙwasa. Na taɓa karɓar jerin sunayen ɗalibai daga wani kamfani, na tarar Ɗanladi ya koma ?anladi, sifirin farkon lambobin waya ya ɓace, kwanan wata kuma an rubuta 03/04, ba a san Maris ake nufi ko Afrilu ba. Muka kwana biyu muna gyara da hannu. A ganina wannan gyaran shi ne kuskure mafi girma, domin kamfanin bai san ya yi ɓarna ba, zango na gaba ya sake kawo irinsa.

Kamata ya yi takardar yarjejeniya ta fayyace cewa a tsarin UTF-8 za a rubuta baƙaƙe, shekara ta riga wata, wata ya riga rana, a kuma faɗi adadin layukan da aka aiko domin mai karɓa ya ƙidaya kafin ya sa hannu. Fayil ɗin da ya saɓa wa haka a mayar wa mai shi, kada a taɓa ko baƙi ɗaya a cikinsa.