Jinjina ga Zumuntar Matan EYN ta Maiduguri

Ranar Lahadi a cocin EYN da ke Wulari, idan 'yan Zumuntar Mata suka miƙe, sai ka ga zani iri ɗaya, ɗaurin kallabi iri ɗaya, wata na dukan bakin tulu, wata na kaɗa caki, waƙa kuma da Hausa. Ba ka ce cikinsu akwai waɗanda suka baro gida da gona a Gwoza a 2014, daga su sai kayan jikinsu ba.

Ekklesiyar 'Yan'uwa, wato EYN, wadda ta faro daga Garkiɗa a 1923, ta ɗanɗana kuɗarta a hannun Boko Haram. An ƙona cocinta na Maiduguri a rikicin Yulin 2009, yawancin 'yan matan Chibok ma 'ya'yanta ne. Ga shi ambaliyar madatsar Alau ta wanke Maiduguri a Satumban 2024.

Daga kurkuku Manzo Bulus ya shaida wa Filibiyawa cewa koyon wadar zuci ya yi, a yunwa da ƙoshi. Matan nan a aikace suke koyar da ita. Idan an yi rashi, kowacce ta kawo mudun masara ko ɗan abin da ya samu, a je a zauna da gwauruwa. Su ne a asibiti wajen dubiya, su ne a gidan amarya da nasiha.

Kada fa a ɗauka naɗe hannu suka yi. Mai tuyar ƙosai na tuyarta, mai keken ɗinki na ɗinkinta, ana zubin adashi, kuma daga nan kuɗin makarantar marayu da dama ke fitowa.