Jadawalin asid huɗu da man aduwar Azbin: sharhi kan wata hanyar bincike

1. Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya buɗe rubuce-rubucen da aka yi kan man aduwa, wato Balanites aegyptiaca, zai tarar da jadawali kusan iri guda: asid huɗu a jere, kowane da kasonsa cikin ɗari. A 1998 Cook da Glew da abokan aikinsu sun buga nazari kan abincin da ke cikin aduwa da ɗinya na yammacin Sahel. A 2009 Chapagain da Yehoshua da Wiesman na jami'ar Ben-Gurion sun nuna cewa ƙwayar cikin ƙwallon na iya ba da mai har kashi 46,7 cikin 100, kuma palmitik da siteyarik da oleyik da linoleyik su ne kashi 98 zuwa 100 na asid ɗin man. Ba mu da ja da waɗannan alƙaluma. Abin da za mu duba shi ne yadda ake ɗaukar jadawalin a matsayin cikakken bayanin man, har a ɗora shi kan man da mata ke toyawa a jihar Agadas.

2. Abin da na'ura ke gani

Tun 1952 James da Martin suka raba asid na mai da karomatogarafi ta iska. Cikin shekarun 1950 kuma Gohlke da McLafferty suka haɗa ta da na'urar auna nauyin ƙwayoyi. Mai bincike yakan niƙa ƙwaya, ya tatsi man da hekzan a tulun Soxhlet, sannan ya dafa shi da metanol don asid ɗin su rabu da giliserol su iya tashi a matsayin tururi. Kowane na fitowa daga bututu a lokacinsa, na'ura ta farfasa shi ta auna: 270 ga palmitik, 298 ga siteyarik, 296 ga oleyik, 294 ga linoleyik. Aiki ne mai kyau, sai dai yana da iyaka guda uku.

Ta farko, a cikin ƙwaya asid uku-uku ne suke rataye a kan giliserol guda. Dafawa da metanol na warware wannan gini, kuma jadawalin ba ya faɗin wane ke zaune kusa da wane, alhali tsarin zamansu na da hannu a yadda mai ke daskarewa da yadda hanji ke narkar da shi.

Ta biyu, wajen farfasawa tagwayen ɗauri na karbon kan yi yawo a kan sarƙa, don haka oleyik da ɗan'uwansa vaksenik, masu nauyi ɗaya, kan ba da hoto kusan ɗaya. Wanda ya rubuta "oleyik" don kawai ma'ajiyar kwamfuta ta ce haka, bai gwada da samfurin da aka sani ba, zato ya yi.

Ta uku, ɗacin ƙwayar aduwa daga saponin yake, masu tushen diyosjenin. Hekzan ba ya ɗauko su, kuma ba sa tashi a bututun iska. Su Chapagain da Wiesman da kansu sai da suka koma ga karomatogarafi ta ruwa a 2008 don nazarinsu. Ke nan abin da mai toya man ta fi fama da shi, tana tafasawa tana zubar da ruwa, ba ya cikin jadawalin sam.

3. Batun wuri

A nazarin 2009 ɗin, linoleyik ya kama daga kashi 31 zuwa 51 tsakanin nau'o'in itacen. Wannan tazara ita ce sakamakon da ya fi muhimmanci, amma ita ake yawan mantawa wajen kwafi. An daɗe da sanin cewa a wasu tsirran mai sanyi lokacin nunar iri na ƙara linoleyik, zafi kuma ya ƙara oleyik. To, garin Agadas na kan tsayin mita 500 ko kusa, tsaunin Bagzan ya haura mita 2000. Aduwar ƙoramar Telwa da ta Timiya da ta Tabelot ba sanyi ɗaya suke sha ba. Kuma yawan linoleyik shi ke gaggauta lalacewar mai a cikin zafi, abin da ya shafi duk mai son sa shi a kwalba ya kai kasuwa, kamar yadda kamfanin Sahara Sahel Foods ya yi a Damagaram.

4. Kammalawa

A tamu fahimta, ɗalibin jami'ar Agadas, wadda aka kafa a 2014, ya kamata ya rubuta ƙorama da tsayin wuri da watan tsinta ga kowane samfuri, ya auna itace-itace daban ba tare da cakuɗa su ba, ya kuma ajiye man hekzan kusa da man tukunya ya gwada su biyu. Jadawalin asid huɗu ya zama shafin farko na kundinsa, babin saponin da na daɗewar man a ajiye su biyo baya.