BABI NA HUƊU: MA'ANAR ƘARSHEN FIM ƊIN SARRAOUNIA

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan jigo da zubi da tsarin fim ɗin Sarraounia, wanda Med Hondo, ɗan ƙasar Muritaniya, ya shirya a shekarar 1986 daga littafin Abdoulaye Mamani mai wannan suna da aka buga a 1980. A wannan babi za a taƙaita ne a kan ƙarshen fim ɗin kawai. Tambayar da za a yi ƙoƙarin amsawa ita ce: shin mai shirya fim ɗin yana nufin Sarauniya Mangu ta Lugu ta ci Faransawa da yaƙi ne, alhali tarihi ya tabbatar Faransa ta mallaki ƙasar Nijar har zuwa 1960? Idan haka yake nufi, to ya yi wa tarihi ƙari, kuma aikinsa bai cancanci a kira shi wasan kwaikwayo na tarihi ba. Idan kuwa ba haka yake nufi ba, wajibi ne a gano irin nasarar da yake nunawa. Domin warware wannan, za a duba abin da ya faru a fim, da abin da ya faru a tarihi, sannan a kwatanta da wani wasa na ƙasar Japan, daga bisani a dubi ƙarshen da idon mai kallo mazaunin Bagudo.

4.1 Yadda Fim Ɗin Ya Ƙare

Bayan rundunar Kyaftin Voulet da Kyaftin Chanoine ta auka wa Lugu, an gwabza faɗa mai tsanani, sannan Sarauniya ta janye mutanenta suka shige daji. Faransawa sun shiga garin, amma ba su kama ta ba, ba su kuma ga gawarta ba. Daga wannan fitowa sai fim ɗin ya sauya akala, ya bar Sarauniya ya bi rundunar. Mai kallo zai ga yadda tsoro ya shiga zukatan sojojin, waɗanda baƙaƙen fata ne da aka ɗebo daga wasu ƙasashe, domin sun yi imani cewa asirinta yana bin su. Zai ga Voulet ya sa an harbe Kanar Klobb, wanda gwamnatin Faransa ta aiko ya karɓi ragamar rundunar, ya kuma shelanta cewa shi ya fita daga Faransa, zai kafa daular kansa. Ba a daɗe ba sojojin suka juya wa shugabanninsu baki, suka kashe Chanoine da Voulet.

A fitowa ta ƙarshe an koma wa Sarauniya. Jama'a iri-iri suna kwarara zuwa gare ta: Azna da Musulmi, 'ya'ya da bayi, da waɗanda yaƙi ya raba da garuruwansu. Ta karɓe su, ta ba kowa damar riƙe harshensa da addininsa. A nan fim ɗin ya tsaya.

4.2 Abin Da Tarihi Ya Nuna

Yawancin abin da aka zayyana a sama ya faru da gaske. An yi yaƙin Lugu a watan Afrilu na 1899. A watan Mayu rundunar ta ƙone Birnin Ƙonni tare da kashe jama'a masu ɗimbin yawa. An kashe Klobb a Dankori ranar 14 ga Yuli, aka kashe Chanoine ranar 16, Voulet kuma ranar 17, a yankin Maijirgi kusa da Tasawa.

Sai dai tarihi bai tsaya a inda fim ya tsaya ba. Sauran hafsoshin sun tattara sojojin, suka ci Damagaram a ƙarshen wannan wata na Yuli, kuma kafin shekarar ta fita an kashe Sarki Ahmadu Kuran Daga. Joalland da Meynier suka zarce da rundunar har tafkin Cadi, inda ta haɗu da wasu rundunoni biyu na Faransa, aka kashe Rabe a Kusuri ranar 22 ga Afrilu, 1900. Ke nan aikin da aka aiko Voulet ya yi an kammala shi bayan mutuwarsa. Tsakanin mutuwar Voulet da faɗuwar Damagaram kuwa mako biyu ne kacal. Ba zai yiwu a ce Mamani, wanda ɗan Nijar ne kuma ɗan gwagwarmayar jam'iyyar Sawaba, bai san wannan ba. Saboda haka tsayawar da aka yi a wannan gaɓa da gangan aka yi ta, kuma ita ce abin da ya kamata mai nazari ya fassara.

4.3 Irin Nasarar Da Ake Nufi

A ra'ayin mai wannan bincike, fim ɗin bai yi da'awar cewa Sarauniya ta yi nasara a fagen fama ba. Hujja ta farko ita ce, ya nuna faɗuwar Lugu ƙarara, bai ɓoye ta ba. Hujja ta biyu ita ce, ba hannun Sarauniya ne ya kashe Voulet ba, kuma ba a taɓa haɗa su gaba da gaba ba, alhali da mai shirya fim yana son nuna jaruntakar takobi, da wannan ce dama mafi sauƙi a gare shi.

Abin da fim ɗin ya auna shi ne abin da kowanne daga cikin taurarin biyu ya rage da shi. Voulet ya fara da bindigogi da dakaru da ikon gwamnati, ya ƙare ba shi da ƙasa, ba shi da runduna, waɗanda ya ba bindiga su suka harbe shi. Sarauniya ta rasa ganuwa da rumbuna da fada, amma ta ƙare da jama'ar da ta fi wadda ta fara da ita. A tunanin Bahaushe, sarauta jama'a ce, kuma sarkin da talakawa suka watse suka bari ya sauka ko da rawani na kansa. Da wannan ma'auni ne aka ba Sarauniya nasara.

Bugu da ƙari, akwai matsayin maroƙi, wanda ake jin muryarsa yana wasa Sarauniya a wurare da dama na fim ɗin. Aikin maroƙi a fadar Hausa shi ne tsare suna, kuma kirari ba ya lissafa yaƙoƙin da aka sha kashi. Idan aka yi la'akari da haka, za a ga cewa fim ɗin ya bi tsarin tarihi tun daga farko har zuwa mutuwar Voulet, sannan a fitowa ta ƙarshe ya koma tsarin kirari. Wanda ya karanta wannan fitowa a matsayin rahoton abin da ya faru zai ce ƙarya ce. Wanda ya karanta ta a matsayin kirari zai fahimci cewa ana faɗa masa abin da ya cancanci a tuna ne. Kuma kirarin yana da madogara, domin sarautar Sarauniya ta ci gaba a Lugu bayan zuwan Turawa da bayan tafiyarsu.

4.4 Kwatanci Da Wasan Shogun

Wannan dabara ta tsayar da labari kafin tarihi ya kai ƙarshensa ba ga Hondo kaɗai ta tsaya ba. A 2024 tashar FX ta Amurka ta nuna wasan Shogun mai kashi goma, wanda aka ciro daga littafin James Clavell na 1975. Wasan yana magana ne a kan rikicin sarakunan yaƙi na Japan a shekarar 1600. Tauraronsa, Toranaga, an gina shi ne a kan Tokugawa Ieyasu, wanda ya yi nasara a yaƙin Sekigahara a watan Oktoba na 1600, ya zama shugaban mayaƙan ƙasar a 1603, zuriyarsa kuma ta riƙe mulki fiye da shekara 250.

Tun daga kashi na farko ana shirya mai kallo domin wannan yaƙi, amma a kashi na goma ba a gwabza shi ba. Toranaga ne ya zauna a bakin teku da Yabushige, baransa da ya ci amana wanda aka yanke wa hukuncin kashe kansa, ya bayyana masa yadda abin zai kasance. Mutuwar Mariko a Osaka ta sa Ochiba, uwar magajin sarauta, ta yi alkawarin janye rundunar ɗanta daga bayan Ishido, abokin gabar Toranaga. Wato an gama yaƙin tun kafin a zare takobi.

Wasannin biyu sun yi tarayya a abu guda: dukansu sun nuna cewa ana cin yaƙi ne a lokacin da jama'ar abokin gaba suka janye daga bayansa. Inda suka bambanta shi ne abin da kowanne ya bari a bayan labule. Abin da Shogun bai nuna ba nasara ce da tarihi ya tabbatar, don haka mai kallo bai yi asarar komai ba. Abin da Sarraounia bai nuna ba kuwa shan kashi ne da mulkin mallaka na shekara 60. Saboda haka nauyin da ke kan Hondo ya fi na masu shirya Shogun, kuma dole a tambaye shi abin da ya ba mai kallo a madadin abin da ya ɓoye.

4.5 Ƙarshen A Idon Mai Kallo Na Bakin Iyaka

Amsar wannan tambaya ta fi fitowa fili ga wanda ya san ƙasar Bagudo. Ranar 14 ga Yuni, 1898, Ingila da Faransa suka sa hannu a wata yarjejeniya a birnin Paris. Yarjejeniyar ta raba ƙasar Bargu biyu, Busa ta faɗa hannun Ingila, Nikki ta faɗa hannun Faransa. Ta kuma sa iyaka ta ƙetare kogin Kwara a wani wuri mai nisan mil 10 sama da Giri, mashigin jiragen Illo, wanda a yau yake cikin ƙaramar hukumar Bagudo. Daga nan iyakar ta bi Dallol Mauri ta yi arewa, har ta haɗu da wata da'ira mai nisan mil 100 daga birnin Sakkwato. Wannan layi ne aka umurci Voulet ya bi ta bayansa zuwa Cadi. Da yake hanyar ba ta da isasshen ruwa, sai ya kutsa ɓangaren da aka ba Ingila, inda Birnin Ƙonni take a lokacin. Sai a 1904 da 1906 aka sake gyara iyakar.

Ke nan layin da ya kai Voulet ƙofar Lugu daga bakin Illo ya taso. Shi ne kuma ya raba Busawa da Kyangawa da Dandawa da Fulani tsakanin Nijeriya da Binin, ya sa Tsamiya tana wannan ɓangare Segbana tana wancan, ɗan'uwa yana karatu da Ingilishi ɗan'uwansa yana yi da Faransanci. Duk da haka auratayya da cin kasuwa da zumunci ba su yanke ba, ko a lokacin da gwamnatin Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agusta na 2019. Mai kallo daga Lolo ko Illo ko Ka'oje, idan ya ga taron ƙabilu da harsuna a gaban Sarauniya, ba baƙon abu ya gani ba, domin haka kasuwar garinsu take. A wurinsa fitowar ƙarshe tana nuna abin da Turawa ba su iya rabawa ba bayan sun raba ƙasa. Wannan shi ne abin da Hondo ya bayar a madadin faɗuwar Damagaram.

Haka kuma akwai gargaɗi a ciki. A tsakiyar fim an nuna maƙwabtan Lugu sun ƙi haɗa kai da ita saboda bambancin addini da tsohuwar gaba, wasu ma suka bi Turawa. Hausawa na cewa in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Haɗin kan da aka gani a ƙarshe shi ne wanda aka rasa a lokacin da ake bukatarsa.

4.6 Raunin Ƙarshen

Duk da abin da aka faɗa, ƙarshen yana da rauni ta fuska uku. Na farko, fassarar da aka kawo tana bukatar mai kallo ya san tarihi tun kafin ya zauna kallo. Wanda bai sani ba zai tashi da zaton cewa mutuwar Voulet ta kawo ƙarshen mamayar Faransa. Na biyu, domin a ɗaukaka Sarauniya an ƙanƙantar da fadar Sakkwato, kuma tun da labarin ya tsaya a 1899, babu wurin da za a ga cewa Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yaƙi Ingilishi har ya rasu a Burmi a 1903. Na uku ya shafi harshe. An ɗauki fim ɗin ne a Burkina Faso, 'yar wasan ƙasar Aï Keïta ta fito a matsayin Sarauniya, kuma harsunan da aka fi ji su ne Faransanci da Jula da Fulatanci. Saboda haka kirarin da aka rufe labarin Bahaushiya da shi bai zo wa Bahaushe da harshensa ba, ko da yake fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na FESPACO a Wagadugu a 1987.

4.7 Naɗewa

A wannan babi an nuna cewa ƙarshen fim ɗin Sarraounia bai saɓa wa tarihi ba a abin da ya nuna, sai dai ya tsaya mako biyu kafin tarihi ya juya. An kuma nuna cewa nasarar da aka ba Sarauniya ta jama'a ce da suna, kuma an gabatar da ita cikin tsarin kirari. Kwatanci da Shogun ya fito da nauyin abin da aka ɓoye, yayin da tarihin iyakar Illo ya fito da abin da aka bayar a madadinsa. Bisa ga haka, wannan bincike yana ganin fim ɗin ya cancanci a kira shi wasan kwaikwayo na tarihi, da sharaɗin duk mai koyar da shi ya haɗa wa ɗalibai da labarin abin da ya biyo bayan 17 ga Yuli, 1899. A babi na gaba za a duba salon sarrafa harshe a bakin maroƙin fada.