4.3 Sharhi a Kan Yadda Ake Tantance Ayyukan Raya Gari a Gefen Ganuwar Kano

A sashen da ya gabata an kawo tarihin ganuwar birnin Kano, tun daga harsashin da littafin Tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu (1095-1134) ya aza, har zuwa faɗaɗawar da aka yi mata a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499) da na Sarki Muhammadu Nazaki (1618-1623). Wannan sashe kuwa zai dubi hanyar da ake bi wajen amincewa da aikin hanya ko gini idan ya taɓa ganuwa da ƙofofinta, domin a ga ko hanyar tana kare abin da aka ce tana karewa.

Idan dai doka ce, ganuwa ba marainiya ba ce. Tun a shekarar 1959 aka ayyana ta, tare da ƙofofinta, a matsayin kayan tarihi na ƙasa. Dokar soja mai lamba 77 ta 1979 ta kafa Hukumar Kula da Gidaje da Kayayyakin Tarihi ta Ƙasa, ta kuma haramta rusa irin waɗannan wurare ko sauya musu kama ba tare da izinin hukumar ba. A 1992 an ƙara da wasu dokoki biyu, wato mai lamba 86 wadda ta wajabta nazarin illar babban aiki ga muhalli kafin a fara shi, da mai lamba 88 ta tsara birane, wadda ta tanadi a ware gine-gine masu tarihi a riƙa neman izini na musamman kafin a taɓa su. A 2007 kuma Nijeriya ta shigar da ganuwa da Dutsen Dala da Kasuwar Kurmi da Gidan Rumfa cikin jerin wuraren da take fatan hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin gadon duniya.

To, sai dai matsalar tana wajen rabon iko. Hukumar da aka ɗora wa kula da ganuwa ta tarayya ce, ba ta ba da fili, ba ta kuma sa hannu a takardar izinin gini. Ƙasar da ganuwa take kai kuwa, dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa ta a hannun gwamnan jiha, kuma hukumar tsara birni ta jiha ce ke duba zanen gini ta amince ko ta ƙi. Wannan ya sa idan aikin na gwamnatin jiha ne, kamar faɗaɗa titi ko gina gadar sama, sai ya zamana mai neman izini da mai bayarwa duk 'yan gida ɗaya ne. Hukumar tarihi ba ta da kujera a wurin yanke shawara, sau da yawa sai katafila ta iso sannan ake jin muryarta.

Babu misalin da ya fito da wannan fili kamar na Ƙofar Na'isa, wadda ake danganta gininta da zamanin Rumfa. A shekarar 2010 gwamnatin jiha ta rushe ta domin faɗaɗa hanyar da ta ratsa ta. Hukumar tarihi ta nuna rashin amincewarta, amma a lokacin bakin alƙalami ya riga ya bushe. Ya kamata a yi adalci a nan: hujjar masu aikin ba ta banza ba ce. Ƙofar da aka gina domin mahayin doki da jaki mai mangala ba za ta ɗauki motocin birni mai miliyoyin jama'a ba, kuma mutanen unguwannin da ke cikin badala suna da haƙƙin samun hanyar da motar asibiti ko ta kashe gobara za ta bi. Abin zargi shi ne an ɗauki maganar tamkar zaɓi biyu ne kawai, ko a bar cunkoso ko a rushe ƙofa. Tantancewa ta gaskiya ita ce wadda za ta tilasta wa injiniya ya kawo zane fiye da ɗaya, ya nuna kuɗin kowanne da abin da kowanne zai ci, tun kafin a ba da kwangila.

Abin mamaki, Kano ta taɓa fuskantar irin wannan buƙata ta kuma warware ta ta wata hanya. A 1937, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, da aka buƙaci sabuwar mashiga sai aka huda Sabuwar Ƙofa a jikin ganuwa, aka bar Ƙofar Ɗan'agundi da ke kusa da ita a yadda take. Gaskiya ne wannan ma ɓarna ce ga ganuwa, tun da an yanke wani ɓangare nata. Amma asarar 'yan taku na katanga ba daidai take da asarar ƙofa sukutum ba, domin a jikin ƙofa ne fasahar magina ta fi bayyana: yadda ake jera tubali, da yadda ake ɗora azara, da kaurin bango, da ƙuncin mashiga wanda dabarar yaƙi ce ba kuskuren gini ba.

Amsar da aka saba bayarwa ita ce ai an sake gina ƙofofin, har sun fi na da kyau da ƙarfi. Lalle ƙofofin siminti masu faɗi da aka yi a wurare da dama sun riƙe sunayen, kuma sarautar sarkin ƙofa ba ta mutu ba. Amma wannan amsa ta nuna ainihin raunin fahimtar masu tantancewa, wato ɗaukar ƙofa a matsayin alama kawai. Ɗalibin da yake son sanin yadda Kanawa suka yi gini shekaru ɗari biyar da suka wuce ba abin da zai koya daga bulo da rodi da fenti, ko da an yi musu zankwaye. (Ba a ma cika tuntuɓar maginan gargajiya a irin wannan aiki ba, alhali su ne suka gaji yaɓen da ake yi wa ganuwa bayan damina.)

Rauni na biyu shi ne ana duba kowace takarda ita kaɗai. Mai neman fuloti ɗaya a gindin badala zai ce shagonsa bai rushe komai ba, kuma wataƙila gaskiyarsa ne. Amma idan aka amince da ɗari irinsa, kamar yadda aka gani a gefen titin da ya nufi Jami'ar Bayero, sai ganuwa ta ɓace a bayan shaguna. Haka kuma kududdufan da ke bin ganuwa, waɗanda daga cikinsu aka haƙi ƙasar gininta, ba a lissafa su cikin kayan tarihi. Ana cike su a yi gini, alhali nan ne ruwan sama yake taruwa. Wanda ya amince da cike kududdufi bai taɓa bangon ganuwa ba, amma ya kora ruwa zuwa gindinta da gidajen maƙwabta.

A 2023 sabuwar gwamnatin jiha ta rushe gine-gine da dama da aka yi a filayen da gwamnatin da ta gabace ta ta raba, ciki har da na gefen ganuwa da shagunan Filin Idi. Mutane da yawa sun yi murna, suna ganin an ƙwato wa birni haƙƙinsa. Wannan bincike bai ga haka a matsayin gyaran tsari ba. Waɗanda aka rushe wa da yawansu suna riƙe da takardun da hukuma ta ba su, kuma a watan Satumba na shekarar Babbar Kotun Tarayya da ke Kano ta umarci gwamnati ta biya 'yan kasuwar Filin Idi diyyar naira biliyan 30. Hannun da ya ba da izini ba tare da jin hukumar tarihi ba, irinsa ne ya soke izinin ba tare da jin masu shaguna ba. A duka lokutan biyu ra'ayin mai mulki ne ya yi aiki, kuma rusau ɗin bai sauya komai ba a dokar da ta bar hukumar tarihi a wajen ɗakin da ake sa hannu a takardar fili.