Bin Sawun Marubuciyar Lambu a Garinsu: Misalin Gertrude Jekyll

A Ingila masu sha'awar tarihin gari suna da wata al'ada: su ɗauki marubucin da ya taɓa zama a yankinsu, su bi sawunsa tun daga rajistar coci har kabarinsa, sannan su fitar da ɗan littafi ko su yi lacca a zauren ƙauye. Galibinsu ba malaman jami'a ba ne, tsofaffin ma'aikata ne da malaman makaranta da masu son shuke-shuke. Idan marubucin na lambu ne, aikin yana zuwa da wahala tasa ta daban, domin abin da aka yi rubutu a kansa mai rai ne. Gini sai ya shekara ɗari biyu inda aka aza shi. Lambu kuwa, shekara goma babu kulawa ta isa ta mai da shi daji.

Gertrude Jekyll, wadda ta rayu daga 1843 zuwa 1932, ita ce ta fi dacewa a duba wannan al'ada da ita. Zane ta fara koyo, da idanunta suka yi rauni sai ta karkata ga furanni, tana jera launinsu kamar yadda mai zane ke haɗa fenti. Ta zauna a Munstead Wood kusa da garin Godalming a gundumar Surrey, fili mai eka 15 na ƙasar rairayi marar ƙarfi, inda Edwin Lutyens ya zana mata gidan da ta tare a 1897. Ta tsara lambuna sama da 400, ta rubuta maƙaloli fiye da 1,000, ga littattafai irin su Wood and Garden na 1899 da Colour in the Flower Garden na 1908.

Yawan rubutun nan shi ne tarko na farko. Sabon mai bincike sai ya karanta littafi ya ɗauka ya ga lambu. Alhali marubucin lambu yakan ba da labarin shekarar da komai ya yi kyau ne, ya ɗauki hoton kwanar da ta fi burgewa a makon da ta fi burgewa. Ga wani abin lura kuma: a ƙarshen rayuwarta Jekyll ba ta cika fita daga gida ba. Yawancin lambunan da ta tsara a lokacin ba ta taɓa taka ƙafa cikinsu ba, awon fili da bayanin ƙasa ake aiko mata, ita kuma ta mayar da taswira. Saboda haka idan ƙauye yana alfaharin cewa yana da lambun Jekyll, tambayar da ta kamata ita ce: an shuka abin da ta zana kuwa, ko mai gida ya ajiye takardar ya yi yadda aljihunsa ya iya?

Amsar tana cikin takardu, takardun kuma sun yi tafiya mai nisa. Wata mai tsara lambuna 'yar Amurka, Beatrix Farrand, ita ce ta sayi tarin taswirorin Jekyll a 1948, daga baya ta ba da su ga Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. Ke nan tarihin ƙauyen Surrey sai an nemo shi a ƙetaren teku, ko da yake yanzu akwai kwafi a cibiyar tarihin Surrey da ke Woking, gidan tarihin Godalming kuma yana riƙe da littattafanta na lissafin tsirrai. Amfanin wannan ya bayyana a wani gida da ke Upton Grey a Hampshire, wanda Jekyll ta tsara lambunsa. Rosamund Wallinger da mijinta sun sayi gidan a 1984, lambun ya zama kufai. Ta samo taswirorin 1908, ta bi su gado-gado, ta haƙo tsoffin ganuwar dutse daga ƙarƙashin sarƙaƙiya. Ko a nan ma sai da aka sha fama, don wasu sunayen tsirrai sun canja, wasu irin ma sun ɓace daga kasuwa, ga rubutun hannun tsohuwa mai ciwon ido.

Inda nake ganin wannan al'ada ta fi gazawa shi ne yabon gwani. Ɗan littafin ƙauye sai ya cika da sunan baiwar Allah guda, a manta da waɗanda suka yi kaftu, suka kwaso taki, suka yi dashe cikin sanyi. Ƙasar Munstead ba ta gyaru da alƙalami ba. Ita kanta Jekyll ba ta raina irin waɗannan mutane ba: a Old West Surrey na 1904 ta tattara labarin ɗakunan talakawan yankin da kayan aikinsu, ta kuma ba gidan tarihin Guildford kayayyakin da ta tara. Mai binciken da yake son ya same su sai ya bar littattafanta ya buɗe takardun ƙidayar jama'a ta 1901 da 1911 da 1921, ya bi gidajen ƙauyen Busbridge da ke kusa da Munstead Wood ɗaya bayan ɗaya yana neman wanda aka rubuta wa sana'ar lambu. Ta 1931, wadda ita ce za ta nuna ma'aikatanta na ƙarshe, gobara ta cinye ta a 1942.