Kwana Biyar da Ƙafa Zuwa Machu Picchu

Idan Allah Ya kai ku ƙasar Peru, don Allah kada ku bari jirgin ƙasa ya kwashe ku ya ajiye a gindin Machu Picchu, tsohon birnin Inka. Ku je da ƙafarku, ku bi hanyar Salkantay. Na bi ta a watan Yuni, lokacin da ruwa ya ɗauke a can, kuma tun da na dawo ba ni da wata hira sai tata.

Daga Kusko ake tashi, tsohuwar hedkwatar daular Inka. Garin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 3,400, don haka sai da na yi kwana biyu ina shan shayin ganyen koka kafin numfashina ya daidaita. Ranar farko mota ta wuce da mu Mollepata, muka taka zuwa zangon Soraypampa, sannan muka hau ganin tafkin Humantay. Ruwan nan tsanwa ne shar, mai sirkin shuɗi, ƙanƙara ta yi masa rumfa daga sama. Na ɗauka na gama ganin abin da na zo gani. Ashe ba a fara ba.

Rana ta biyu ce uwar tafiyar. Mun tashi da asuba cikin sanyin da hunturun Jos bai kama ƙafarsa ba, alfadarai na gaba da kayanmu, muna biye muna haki. Taku goma, a tsaya, a shaƙi iska. Kafin azahar muka isa mashigar da ta haura mita 4,600, ga dutsen Salkantay tsaye a gabanmu fari fat, mita 6,271. Can sai muka ji wani rugugi kamar aradu, alhali sama garau take. Ƙanƙara ce ta zaftaro daga kafaɗar dutsen. Jagoranmu, ɗan ƙabilar Kecuwa, ya ɗora ɗan dutse kan wani tsibin duwatsu, kamar yadda kakanninsa ke yi don girmama tsaunin. Ni kuwa Subhanallahi kawai nake ta maimaitawa.

Abin da ya fi sace mini zuciya shi ne gangarowa. A yini guda ka bar ƙanƙara, ka ratsa fako mai duwatsu, ciyawa ta fara bayyana, sai ka tsinci kanka a cikin kurmi mai danshi, gajimare na yawo tsakanin bishiyoyi. Da safe ina sanye da riga huɗu, da la'asar na cire uku. Ina ne kuma a duniya mutum zai yi hunturu da damina tsakanin asuba da magariba?

Dole in yabi mai girkinmu. A cikin ɗan tanti, da murhun gas ƙwaya ɗaya, yake fito mana da miya mai zafi, kifi, shinkafa da dankali kala-kala. Na ce masa ba na cin naman alade, bai taɓa mantawa ba ko sau ɗaya. A nan ma na gane cewa wanda muke kira dankalin Turawa asalinsa ɗan tsaunukan Andes ne, Turawa dillalai kawai suka yi.

Rana ta uku hutawa ce ga gwiwa. Ayaba, piya, ƙoramu, har zuwa gonakin kofi na Lucmabamba, inda muka tsinko 'ya'yan da hannunmu, aka soya a kaskon ƙasa, aka niƙa, muka sha a wurin. Akwai wasu 'yan mitsi-mitsin ƙudaje masu cizo, ku riƙe man shafawa da dogon wando, shi ke nan.

Sai rana ta huɗu. Mun hau wata tsohuwar hanyar dutse da Inka suka shimfiɗa, har kufan Llactapata. Jagora bai ce komai ba, hannu kawai ya miƙa. Can ƙetaren kwari, a kan sirdin da ke tsakanin tsaunuka biyu, ga Machu Picchu kwance kamar an zana. Wanda ya zo a jirgi ba zai taɓa ganin ta daga wannan kusurwa ba. Idanuna suka cika da ƙwalla, kuma ba ni kaɗai ba. Daga nan muka gangara wata tashar wutar lantarki, muka bi gefen layin dogo da kogin Urubamba zuwa garin Aguas Calientes.

Washegari muka shiga Machu Picchu. An gina birnin wajen shekarar 1450, zamanin Sarki Pachacuti, kuma Sifaniyawan da suka rusa daular ba su taɓa isa gare shi ba. A 1911 wani manomi ya raka Ba'amurke Hiram Bingham wurin, suka tarar da iyalai na noma a gonakin birnin masu hawa-hawa. A 1983 UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya. Duk wannan na karanta kafin in je, amma karatu bai shirya ni ga ganin aikin maginan ba. A manyan ɗakunan ibada, dutse ne kan dutse, babu laka, babu siminti, an sassaƙa an haɗa har wuƙa ba ta samun wurin shiga. Mutanen da ba su da kayan aikin baƙin ƙarfe! Ƙofofi sun tsuke daga sama, bango ya ɗan karkata ciki, girgizar ƙasa ta zo ta wuce ta bar su tsaye. Har yau ruwa na gudana ta magudanan da suka sassaƙa.

Ku sayi tikitin shiga tun da wuri, don ana ƙayyade yawan masu shiga a kowace rana. Ni dai na zauna a bakin wata gona ta sama, ƙafafuna na zogi, wata dabba da ake kira lama na kiwo kusa da ni, ina kallon hazo yana yayewa daga kan dutsen Huayna Picchu, har jagora ya kira ni sau uku kafin na iya tashi.